Kai da kake jin Indiyanci

"Ai ga ka can, kai da kake jin Indiyanci." Da wannan maganar mahaifina ya rufe wayar da ya yi mini a watan Oktoba na 2016, bayan ya shaida mini za a kawo yayansa, Baffa, birnin Cennai a yi masa aikin gwiwa. Uwargidansa Hajiya za ta rako shi, ni kuma zan tarbe su, in yi jinya, in yi tafinta. Ban yi masa musu ba. Ba a yi wa mahaifi musu a waya, sannan in faɗi gaskiya, ni kaina na yarda da maganar fiye da kima.

A gidanmu, Indiya ƙasa ce mai yare ɗaya, wanda ake ji a fim. Da wannan tunanin ni ma na sauka a 2012, da 'yan kalmomin Hindi da na tsinta a gaban talabijin, na je karatun harhaɗa magunguna a wata kwaleji da ke bayan garin Guntur, jihar Andhra Pradesh. Kalmomin nan ko tumatir ba su saya mini ba. Mutanen wurin Telugu suke yi, kuma Telugu ba danginsu ɗaya da Hindi ba. 'Yan'uwanta su ne Tamil da Kannada da Malayalam, harsunan kudu.

Yajin aiki ne ya koya mini Telugu. A 2013 aka taso da maganar raba jihar a fitar da Telangana, abin da ya tabbata a watan Yuni na 2014, sai ɓangarenmu ya rikice da zanga-zanga. Motocin gwamnati suka yi makonni ba sa tafiya, kwaleji yau a buɗe gobe a rufe. Ni da ba ni da wurin zuwa, sai na tare a shagon mai gidan da nake haya, ina miƙa masa sabulu da gishiri, ina kasa kunne. Matarsa ta taɓa kawo mini wani abu wai shi gongura, abin alfaharin mutanen Andhra. Na kai baki na ji yakuwa ce sak, sai dai an kirɓa ta da barkonon Guntur, wanda ke sa mutum ya tuna zunubansa. Kafin in kammala karatu ina ciniki da Telugu, ina barkwanci, ina faɗa in ta kama. In na buɗe baki a kasuwa sai a taru a kaina, ga baƙar fata ɗan Afirka yana zuba kamar a Tenali, wani gari kusa da Guntur, aka yanke masa cibi. Abin ya shiga kaina, ba zan ɓoye ba.

Daga Vijayawada, birnin da ke kusa da Guntur, zuwa Cennai, babban birnin jihar Tamil Nadu inda Tamil ake yi, kimanin kilomita 430 ne, wajen awa bakwai a jirgin ƙasan safe da ake kira Pinakini. Har muka wuce Ongole da Nellore ina ta hira da maƙwabcin kujerata, ina gaya masa ai Tamil sati biyu ya ishe ni. Murmushi kawai ya yi.

Da a ce ban gane komai ba a tashar Cennai, da na haƙura tun a nan. Abin da ya fi ciwo shi ne ina tsintar kalmomi. Na ji rendu, wato biyu. Na ji peru, suna. Na ji anna da akka, yaya namiji da yaya mace, duk yadda na san su a Telugu. Amma abin da ke tsakanin kalmomin sai ya wuce fuu, ban kama komai ba. Kamar ka hango mutum daga nesa ka rantse yayanka ne, ka ɗaga masa hannu, ya matso ka ga ba ka taɓa ganinsa ba. Na gwada 'yar Hindina a kan wani mai A Daidaita Sahu, ya dube ni sama da ƙasa. Daga baya na ji cewa a 1965 an yi tarzoma a jihar har da asarar rayuka kan yunƙurin mai da Hindi harshen hukuma shi kaɗai, kuma zancen bai mutu ba har gobe.

Washegari su Baffa suka sauka. Mai tura keken marasa lafiya ya yi wata magana, Baffa ya juyo ya ce, "To, amsa masa mana." Na ce, "Baffa, wannan Tamil yake yi, ni Telugu nake ji." Ya ce, "Duk ba Indiyawa ba ne?" Na ce ai Bayarabe ma ɗan Najeriya ne. Na ƙara masa da cewa a ƙidayar 2011 masu Telugu sun haura miliyan 81, masu Tamil kuma sun kai miliyan 69, kowanne da rubutunsa daban. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Shekara huɗu kenan ba na garin nan ka koya ba." Hajiya ce ta cece ni. Ba ta faɗin sunana don sunan surukinta gare ni, sai ta ce, "Alhaji, bar Mai sunan Malam ya sarara mana."

Muka kama ɗaki a Triplicane, unguwar Musulmi, kusa da babban masallacin Wallajah da aka gina a 1795. Likitoci sun ce sai an daidaita sukarin Baffa kafin a taɓa gwiwar, don haka muna da lokaci. Da likita ba matsala, Turanci ake yi. Amma jinya ba a ofishin likita take ba. Tana wurin mai shayi, da mai kayan miya, da mai wanki, da direban da zai kai ku ya dawo da ku.

Na sayi wani ɗan littafin koyon Tamil a bakin titi, na yi kwana uku ina hadda. Na je wurin mai shayin bakin layinmu, na gyara murya na ce, "Enakku tannir vendum," wato ina son ruwa. Ya tsaya da kofi a hannu, ya kira wani abokinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya har da riƙe ciki, abokin yana kwaikwayon mai karanta labarai a talabijin. Ashe Tamil biyu ce. Akwai ta rubutu da jawabi da labarai, akwai ta baki, kuma ba wanda ke sayen ruwa da ta farkon. Wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji da Larabcin zaure ya shiga kasuwa da shi zai gane abin da nake nufi. A baki tanni venum ake cewa. Irukkiradu ta littafi irukku ce a titi, pogiren ta koma poren, aindu, biyar, ta koma anju. Duk abin da na haddace sai da na sake yanke masa jela.

Muna cikin haka, daren 8 ga Nuwamba, Firayim Minista Narendra Modi ya fito ya ce takardun kuɗin ƙasar na rufi 500 da 1,000 sun daina aiki. Mu kuwa mun riga mun canja dalolin cefane, suna cikin jakar Hajiya, kusan duk irin waɗannan takardun ne. Na yi kwanaki ina bin layin banki da na'urar cire kuɗi, wadda a farkon lamarin rufi 2,000 kawai take bayarwa a rana, in ma akwai kuɗin a ciki. In ka samu sabuwar takardar 2,000 ɗin kuma ba mai canji. Jimlar Tamil ta farko da ta zauna mini daram ita ce cillara illa, babu canji, don a rana sai in ji ta sau ashirin. A Telugu cillara ledu ake cewa. Daga nan na gano wata 'yar dabara: inda Batelge zai ce ledu, Batamile illa zai ce. Paravaledu, ba komai, ta zama paravalla. Ita ce kalmar da mai shayin nan da ya yi mini dariya ya faɗa mini ran da na ce masa nalaikku taren, gobe zan biya. Ya yi sati biyu yana ba mu shayi da madara bashi. Ni kuma nakan lallaɓa gidajen abincin gwamnati da ake kira Amma Unavagam, inda ake sayar da idli, wata wainar shinkafa da ake turarawa, rufi ɗaya kowace ɗaya.

Aka yi aikin a tsakiyar watan. Tun kafin a shiga da shi an gaya mana abin tsoro ga mai ciwon sukari shi ne rauni ya ƙi warkewa, don haka kullum idona na kan bandejin. A rana ta uku babban likitan ya zo zagaye, aka buɗe, ya sunkuya ya duba ɗinkin sosai. Ya ɗago ya kalli nas ɗin da ke gefensa ya ce, "Pramadam." Sannan ya juyo gare mu ya ce da Turanci komai lafiya, ya dafa kafaɗar Baffa ya wuce.

Gabana ya yanke ya faɗi. Pramadam kalma ce da na sani kamar sunana. A Telugu haɗari take nufi. Ita ake rubutawa a jikin taransifoma tare da hoton ƙoƙon kai, ita ake faɗa in mota ta kife. Nan take na haɗa lissafina: mu an lallashe mu da Turanci, gaskiyar kuma an faɗa wa nas da yarensu, ba su san akwai mai ji a ɗakin ba. Har wani ɗan alfahari na ji a ƙarƙashin tsoron, Allah ya yafe mini, wai na kama su.

Hajiya ba ta jin ko ɗaya cikin harsunan, amma tana karanta fuska. Ta jawo ni waje ta ce, "Mai sunan Malam, me ya ce?" Na ce, "Hajiya, sai dai mu dage da addu'a." Ta dafa bango tana salati. Kafin minti goma ta buga waya gida, kafin azahar ta can an ɗora tukunyar sadaka, an aika wa almajirai su fara sauka.

Ni kuma na koma ƙarshen baranda na kira mai gidana na Guntur, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ina cewa da Telugu likita ya ce pramadam, muryata na rawa. Wata mata mai goge daɓe, wadda na yi kwana uku ina wuce ta ba ko sannu, ta tsaya cak da sandar gugarta. Ta ce, "Telugu vacca?" A Telugu harshe zuwa yake yi wa mutum, yadda mu a Hausa jin sa muke yi. Na ce vaccu, ta zo mini. Ta tambayi wa ya ce pramadam, a kan me. Da na gaya mata sai ta saki sandar, ta toshe baki da gefen sarinta tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Ayyo, tammudu! Ikkada pramadam ante cala bagundi." Wato, ƙanena, a nan pramadam na nufin abu ya yi kyau matuƙa. Likitan yaba ɗinkinsa yake yi. Haɗari a Tamil abattu ne.

Komawa wurin Hajiya in warware maganar ya fi mini komai wuya a tafiyar nan. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ƙaramin sani ƙunƙumi ne." Ba ta ƙara ko kalma ba. Sadaka dai an riga an raba, Baffa kuma har yau in ya so tsokanata sai ya tambaye ni ko akwai wani haɗarin da na jiyo.

Matar nan, da na koma kiran ta Akka, ita ta zama malamata. A Cennai aka haife ta, kakanninta ne suka zo daga wajen Nellore, kuma irinta suna da yawa a birnin. Kafin 1953 yankin Andhra da ƙasar Tamil a jiha ɗaya suke, Madras ce hedikwata, wato Cennai ta yau, da aka sauya wa suna a 1996. Sai da wani mutum mai suna Potti Sriramulu ya yi kwana 58 ba ya cin abinci, ya mutu a cikin birnin a Disamban 1952, sannan aka ba masu Telugu jiharsu. Sun so tafiya da Madras ɗin ma, ba su samu ba. Telugun Akka ta sha Tamil ta ƙoshi, har takan ce tawa ta fi tata tsabta, amma ta san duk inda ramukan suke, don a kan iyakar harsunan biyu ta tashi.

Ta karɓi littafina ta jujjuya ta miƙo mini, ta ce in ajiye. Hujjarta ita ce Tamil ta titi ta fi kusa da ni. Kalmomin Telugu da wasali suke ƙarewa, Batamile kuma in yana magana yakan liƙa wa kalma "u" a ƙarshe ko da babu ita a rubuce. Sai pal ta zama palu, madara, kan ta zama kannu, ido, kal ta zama kalu, ƙafa, ur ta zama uru, gari, duk kamar a Guntur. Ginin jimla kuwa kusan ɗaya ne: aikatau a ƙarshe, tambaya a ja "a" a ƙarshen kalma. Naku telusu, na sani, ta zama enakku teriyum. Ikkada, akkada, ekkada, wato nan, can, ina, suka zama inga, anga, enga. Inda nake girmama mutum da andi, in ce randi, ku zo, yanzu nga zan sa, in ce vanga. Ashe gidan a gine yake tun tuni, kayan ɗaki kawai zan sauya. Kullum in ta tashi aiki za ta ba ni kalma goma, ta faɗa da Telugu, ta faɗa da Tamil, gobe ta yi mini tambaya tana guga.

Ramukan ne dai ba su ƙare ba. Ta gargaɗe ni kan kevalam, wadda a Telugu take nufin "kawai", a Tamil kuma abin ƙasƙanci. Illu gida ne a Telugu, illa babu ce a Tamil, gida kuma vidu. Wadda ta manta ba ta faɗa mini ba ita ce avasaram. Wani mai shagon kayan asibiti ya tallata mini wata kujerar wanka, na ce masa avasaram illa, ina nufin ba ma bukata, don haka kalmar take a Telugu. Shi kuma ya ji "ba gaggawa", don haka take a Tamil. Bayan kwana biyu sai ga yaronsa da kujera a ka, da takardar kuɗi. Na biya, don laifina ne. Kujerar ma ta yi amfani.

Akwai wani sauti da ya ba ni wahala, wanda suke rubutawa zh da boko, kuma yana cikin sunan harshen kansa, don su Tamizh suke cewa. Babu shi a Telugu ta yau. Hausa ce ta taimake ni a nan: ka naɗe harshe baya kamar za ka faɗi "r" ta rana, amma kada ka bari ya bugi ganɗa. Na samu damar gwaji sosai, don kalmar ruwan sama mazhai ce, kuma Disamba ta zo da shi. Ran 5 ga wata babbar ministar jihar, Jayalalithaa, wadda kowa ke kira Amma, ta rasu, gari ya rufe ruf, mata na kuka a titi. Mako ɗaya bayan nan, ran 12, guguwar Vardah ta faɗo wa birnin, ta tumɓuke bishiyoyi, muka kwana muka wuni ba wuta. A zaman duhun nan, a barandar masauki da maƙwabta, na fara jin hira tana shiga kunnena a dunƙule, ba sai na bi ta Telugu na dawo ba.

Wadda ta ba ni mamaki Hajiya ce. Ba littafi, ba nahawu, ba wata Telugu da za ta ruɗe ta. Ta kama podum, ya isa, da venam, ba na so, da evlo, nawa, ta shiga kasuwa da su tana yanke farashi rabi da yatsu. Ta ƙulla ƙawance da matar mai masaukinmu, kullum sai ta tare ta da saptingala, kun ci abinci, wadda a can gaisuwa ce kamar ina wuni. Ran da na gaya mata cewa matan Tamil na da ba sa kiran sunan miji, sai dai su ce ennanga, na Telugu kuma emandi, sai ta gyara zama ta ce, "Ashe dai suna da tarbiyya."

Akwai abu ɗaya da ba don Telugu ba da ya wuce ni ban sani ba. Harsunan biyu suna da "mu" iri biyu, abin da Hausa ba ta da shi: mu ban da kai, da mu har da kai. A Telugu memu da manam, a Tamil nanga da namma. Wata safiya wani direba ya yanka mini kuɗin baƙi zuwa asibiti, sai mai shayi ya leƙo ya daka masa tsawa ya ce, "Namma alu!" Mutuminmu ne, da "mu" ɗin da ta haɗa har da direban, wato naka ne kai ma. Direban ya rage kuɗin ba gardama. Na shiga na zauna ina jin wani abu a maƙogwaro har muka isa.

A tsakiyar Janairun 2017, ana shirin bikin girbi na Pongal, mata na zana ado da garin shinkafa a ƙofar gidaje, likita ya duba Baffa dubawar ƙarshe ya sallame mu. Yana tafiya da sanda ɗaya. Na hau sama na nemi Akka da ɗan turmin atamfa da Hajiya ta ce a ba ta. Na shirya sallamata tun dare. A Tamil ba a cewa "na tafi" haka tsirara, sai dai poyittu varen, zan je in dawo, kamar yadda muke cewa sai na dawo. A Telugu ma haka ne, vellostanu. Na haɗa hannuwa na ce, "Akka, poyittu varen," na faɗe ta daidai, har da ɗan hancin da suke sa wa ƙarshen kalmar.

Ta ɗaga tafin hannu da sauri kamar za ta toshe mini baki. Ta ce, da Tamil wannan karon, kuma tambi ta kira ni, ƙane a Tamil, maimakon tammudu, ba a faɗin haka a asibiti, ba a faɗa a gidan mutuwa. Wa yake so ka dawo nan? Na ce to me zan ce? Ta rungume atamfar a ƙirji, ta nuna mini matakala da haɓa, ta ce kada in ce komai, in tafi kawai.